Turaren Bazara Daban, na Hunturu Daban

A gidanmu na Unguwar Sarki a Kaduna, cikin shekarun 1980, ba a shafa turare sai an dubi gari. Idan hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, Inna kan hura garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta na itacen sandal da hawi, ta kifa kwando, ta shimfiɗa kayanmu a kai har hayaƙin ya ratsa su. Humrarta kuwa daga hannun wata Bashuwa 'yar Maiduguri take saye, kuma sai ta shafa mai tukuna take ɗora ta, domin busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi. Lokacin ne na almiski da ambar da sauran turaruka masu nauyi da alhazai ke zuwa da su tsaraba daga Makka.

Da bazara ta shigo a watan Maris, sai waɗannan kwalabe su koma ƙasan akwati. Zafi yana tayar da ƙamshi da sauri, ya gauraya shi da gumi, turaren da ya yi daɗi cikin sanyi ya koma mai hawa kai. A nan ake nemo ruwan wardi da turaren fure mai sanyin ƙamshi. Sarkinsu a wurinmu shi ne Bint el Sudan, 'yar siririyar kwalbar nan mai hoton yarinya, wanda kamfanin W.J. Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano. Mai ne zalla, babu barasa a cikinsa, shi ya sa malamai da tsofaffi suka amince da shi, kuma da wuya ka ga lefen da babu shi. Ƙamshin yasmin ne ke fara tarar hanci, kuma ɗigo kaɗan ya wadatar.

Baba ne ya koya mini zaɓe. Mukan je babbar kasuwa, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Sheikh Abubakar Gumi, wurin wani dattijo mai teburin ƙananan kwalabe. Wata rana dattijon ya ɗiga mini a bayan hannu, ina ƙoƙarin kai wa hanci sai ya ce, "Haba yaro, gaggawar me kake? Bi Alhaji ku gama cefane, ka dawo ka faɗa mini abin da ka ji." Da muka zagayo, ƙamshin farko ya tafi, na ƙasa ya fito, kuma shi ne wanda zan yini da shi.

Dalilin duk wannan kulawa ya bayyana gare ni a azumin 1989, wanda ya faɗo tsakiyar zafin Afrilu. Masallacin Sultan Bello kan cika maƙil don tafsirin Sheikh Gumi, kafaɗa da kafaɗa, kowa da ƙishirwa. Kafin mu fita, Baba ya shafa mini ɗan turaren fure a wuyan riga, ya ce, "Na kusa da kai ne zai sha ƙamshin nan, ba kai ba. Mai azumi ne, kada ka ƙara masa wahala."

Yau shagunan titin Ahmadu Bello sun cika da turarukan Dubai da na Faransa, kuma ina murna da yalwar. Abin da nake roƙon matasanmu shi ne su riƙa tuna wanda za su zauna kusa da shi a mota, a ofis ko a sahun Juma'a kafin su fesa. Shafa turare sunna ce, kyautata wa maƙwabci ma haka, kuma iyayenmu sun iya haɗa biyun.