Gafarar da ba ta sayuwa da kuɗi

A cikin shaidar da muke yi wa maƙwabtanmu ba tare da bincike ba, akwai wadda ta daɗe tana damuna. Ita ce cewa wai Kirista ba ruwansa da zunubi, tunda an gaya masa an riga an biya masa, saura kawai ya sheƙe ayarsa. Na ji wannan magana a bakin ɗalibai, na ji ta a majalisa, na kuma ji ta a bakin masu manyan takardu. Ni Musulmi ne, tarihi kuma nake koyarwa. Amma duk shekarar da na iso kan Turai ta ƙarni na 16, dole in tsaya a kan wannan aƙida, domin a kanta ne cocin Yammacin Turai ya dare biyu.

Ga abin da suke cewa, gwargwadon yadda su da kansu za su yarda an faɗa daidai. Ɗan Adam ya gaji faɗuwa tun daga Adamu, bashin da ke kansa kuma ya fi ƙarfin aikinsa. Mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye ita ce fansa, wanda ya tuba ya dogara gare ta an gafarta masa. Da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kalmomin da suka zauna a bakin masu bi su ne bangaskiya da ceto da alheri. A ganina mafassaran sun dace da wannan ta ƙarshe, don kuwa Bahaushe ya san alheri shi ne abin da aka yi maka ba don kana bin bashi ba.

Mu Musulmi ba mu yarda da gadon zunubi ba, ba mu kuma yarda an gicciye Annabi Isa (AS) ba. Wannan saɓani ne na tushe, babu amfanin a lulluɓe shi. Sai dai saɓa wa mutum daban, yi masa ƙage daban.

Mutumin da ya fi kowa ɗaga tutar ceto ta wurin bangaskiya shi ne Martin Luther, Bajamushe, wanda aka haifa a 1483. Duk mai zaton aƙidar ta fito ne daga son holewa, ya duba rayuwar wannan mutum. A 1505 ya watsar da karatun lauya ya shiga gidan masu zuhudu a garin Erfurt. Ya yi azumi, ya raya dare, yakan shafe sa'o'i yana zayyana laifuffukansa a gaban limaminsa, Johann von Staupitz, har dattijon ya gaji da shi. Duk da haka zuciyarsa ba ta natsu ba. Tambayar da ke cinsa ita ce: ibada nawa ce za ta isa? Yaushe bawa zai san ya biya? Da ya zama malami a jami'ar Wittenberg yana karantar da wasiƙun Bulus, musamman wadda ya rubuta wa Romawa, sai ya cim ma matsayar cewa ba a biya, karɓa ake yi. Tsoron Allah da ya kai shi gargara ne ya haifi wannan fahimta.

Ana cikin haka sai ga fataucin takardun sassauci. A koyarwar Katolika, ko an gafarta wa mutum akwai sauran horo da zai sha, a duniya ko a wani zango na tsarkakewa bayan mutuwa, coci kuma na iya sassauta wannan horo. A ƙa'ida takardar ba ta maye gurbin tuba. A kasuwa kuwa labari ya sha bamban. Fafaroma Leo na 10 yana neman kuɗin gina majami'ar Bitrus a birnin Rum. Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci bashi a bankin iyalan Fugger don ya sami kujerarsa, aka kuma shirya cewa rabin cinikin takardun zai tafi biyan wannan bashi. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya riƙa zaga garuruwa yana nuna wa talakawa cewa da sulallansu za su fitar da iyayensu da suka rasu daga azaba. Wace uwa ce za ta ji an ce ɗanta na shan wuya a lahira ta ƙi kwance bakin zanenta?

Ranar 31 ga Oktoba, 1517, Luther ya aika wa Albrecht batutuwa 95 na muhawara. Na farkonsu ya isa ya rushe ƙagen da na ambata, domin cewa ya yi rayuwar mai bi gaba ɗayanta tuba ce. A wani ya ce taimakon matalauci ya fi sayen takarda. A wani kuma ya kawo tambayar da jama'a ke yi: in Fafaroma na da ikon fitar da rayuka daga azaba, me ya hana shi yi don tausayi, sai don kuɗi? A 1521 aka kore shi daga coci, ya kuma ƙi janye maganarsa a gaban Sarki Charles na 5 a garin Worms.

Ba ina nufin tambayar ɗalibaina ba ta da tushe ba. Idan aiki ba ya sayen ceto, me zai sa a yi aikin? Kiristoci sun riga mu yin wannan tambaya, har suka zub da jinin juna a kanta. A cikin Littafinsu akwai wasiƙar Yakubu, wadda ke siffanta bangaskiyar da ba aiki da gawa, Luther kuwa bai ɓoye cewa wasiƙar ba ta kwanta masa ba. Da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya ƙara kalmar da ke nufin kaɗai a inda Bulus ke maganar bangaskiya, abokan hamayyarsa suka yi masa ca. Amsarsa ita ce aikin kirki ɗan itace ne, bangaskiya ce bishiyar. Bishiyar da ba ta 'ya'ya a binciki saiwarta. Majalisar Katolika da ta zauna a Trent ta mayar da martani a 1547 cewa alherin Allah ne mafari, amma bawa yana ba da haɗin kai. Sai a 1999, a birnin Augsburg, ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan matsaya guda game da ainihin batun. Shekara 482 ke nan bayan wasiƙar Luther.

Cewa wasu sun mai da aƙidar matashin kai, wannan gaskiya ne, kuma daga cikin gida aka fi tona shi. Dietrich Bonhoeffer, fasto mabiyin Luther, ya rubuta littafi a 1937 yana sukar abin da ya kira alheri mai araha, wato gafarar da ba tuba a cikinta. Yana kallo akasarin cocin ƙasarsa suka yi shiru ga Hitler. Shi bai yi shiru ba, aka rataye shi a watan Afrilun 1945.

Mai karatu Musulmi ba zai rasa jin ƙamshin wani abu da ya sani ba. Mu ma malamanmu sun yi dogon saɓani a kan ko aiki yana cikin imani, har aka sami Murji'a da Khawarij a gefe biyu. An kuma karantar da mu cewa da rahamar Allah ake shiga Aljanna, ba da nauyin aiki kawai ba, ba wanda ya ce saboda haka a daina salla. Hanyoyin ba ɗaya ba ne, amma damuwar da ta tayar da muhawarar ɗaya ce.

Kada kuma a ɗauka labarin Turawa ne zalla. Mishan daga Denmak sun iso Numan a 1913, cocin Lutheran da ya tsiro daga nan ya bunƙasa har shugabansa, Musa Panti Filibus, ya zama shugaban tarayyar cocin Lutheran ta duniya a 2017. Da Hausa ake wa'azi a yawancin majami'un Arewa. Muna zaune ofis ɗaya da waɗannan mutane, 'ya'yanmu na aji ɗaya, ga ƙasar kamar busasshiyar ciyawa mai jiran ashana. Wanda ka ɗauka bai san zunubi ba, ba za ka ba shi amana ba, ranar rikici kuma ba za ka ji nauyin jininsa ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne Tetzel ya bar magada. Mai wa'azin da ke cewa a shuka iri na kuɗi don a girbi buɗi, da malamin da ke yanka wa matar da ba ta haihu ba farashin addu'a, sana'arsu ɗaya, jarinsu kuma tsoron talaka. Cocin Katolika kansa ya haramta haɗa sassauci da kuɗi tun 1567, a zamanin Fafaroma Pius na 5.

Shi kuwa Tetzel ƙarshensa bai yi daɗi ba. Waɗanda suka aike shi sun juya masa baya, jama'a suka tsane shi, ya ɓuya a gidan zuhudu a Leipzig yana jinya. Da labari ya kai wa Luther, sai ya rubuta masa wasiƙa yana kwantar masa da hankali, yana cewa kada ya ɗora wa kansa, ba shi ne mafarin rigimar ba. Tetzel ya rasu a watan Agustan 1519.