Wanke-wanken da na ɓoye wa Umma

Abin da na daɗe ban faɗa wa kowa a gida ba shi ne, rabin karatun digirina na uku wanke-wanke ne. In aka tambaye ni a waya me nake yi a Turai, sai in ce ina binciken yadda ƙwayoyin sinadarai ke jera kansu hawa-hawa a kan gilashi da zinariya. Gaskiya ce, amma guntuwa. Wanda ya leƙa ɗakin gwaje-gwajenmu da safe, mace zai gani tsaye gaban famfo, da safar hannu da tabarau, tana ɗauraye ɓalle-ɓallen gilashi. Ni kuwa tun ina sakandare nake jin dangi na cewa bokon mace a madafi yake ƙarewa, na kuma ƙudurta a raina maganar ba za ta tabbata a kaina ba. Shi ya sa kunya ta rufe mini baki.

Shi kansa aikin abin al'ajabi ne, har yau bai daina burge ni ba. Ana samun gilashin da aka shafa wa zinariya siririya, a tsoma shi cikin itanol da aka narkar da ɗan sinadarin tayol. Kowace ƙwayar tayol doguwa ce: kanta na farar wuta ne, jelarta ta maiƙo. Kan ya kama zinariya, jelar ta miƙe sama ta jingina da ta maƙwabciya, dukkansu a karkace wajen digiri 30. Cikin 'yan mintuna fuskar zinariyar ta kusa rufuwa, amma sai an bari ta kwana kafin sahu ya daidaita. Kaurin shimfiɗar bai fi nanomita 2 ba, kuma ba hannun da ya jera ta. Ralph Nuzzo da David Allara ne suka buɗe wannan hanya a Bell Labs a 1983.

Mu namu ya wuce hawa ɗaya. Dabarar da Gero Decher ya fito da ita a Jamus a farkon shekarun 1990 muke bi: a tsoma gilashi cikin ruwan folima mai cajin tarawa, a ɗauraye, a tsoma cikin mai cajin ɗebewa, a sake ɗaurayewa, a yi ta maimaitawa kamar yadda marini ke tsoma zane yana fitarwa har shuni ya kama. Duk hawan da ya zauna sai ya juya cajin fuskar, ya kori sauran 'yan uwansa, ya janyo na tukunya ta gaba.

Sai dai duk wannan ba ya yiwuwa a kan datti. Zinariyar da aka wanke tas, in aka bar ta a sarari, cikin mintuna maiƙon da ke yawo a iska zai sauka mata. Shatin yatsa ɗaya ya isa ya ɓata aikin mako. Da ruwan firana muke wanki, kashi 3 na asid ɗin salfurik da kashi 1 na haidurojin feroksaid. Yana ɗaukar zafi da kansa, ba a rufe shi a kwalba, kuma ba a wasa kusa da shi. Bayan an busar da gilashin da iskar naitirojin sai a ɗiga ruwa. In ɗigon ya baje, gilashi ya wanku. In ya dunƙule, a koma famfo.

A wannan tsakanin na gamu da labarin Agnes Pockels, kuma ya daɗe yana cina a rai. A Braunschweig ta zauna, tana jinyar iyayenta, a zamanin da jami'o'in Jamus ba sa ɗaukar mata. Ƙanenta Friedrich ne ke kawo mata littattafan fiziks. Ana cewa ruwan wanke-wanke ne ya fara jan hankalinta. Ta haɗa ɗan kwamin gwangwani da abin share fuskar ruwa, ta riƙa auna yadda maiƙo ke sauya ta. A 1891 ta rubuta wa masanin kimiyya Lord Rayleigh wasiƙa, shi kuma ya tura wa mujallar Nature aka buga. A kan irin kwaminta Irving Langmuir ya gina aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1932, Katharine Blodgett kuma ta nuna a 1935 yadda ake kwashe irin wannan shimfiɗa daga ruwa a ɗora ta kan gilashi hawa bisa hawa. Wato ilimin da nake taƙama da shi yana da saiwa a wurin da nake gudu.

Da na zo hutu, bayan cin abincin Sallah, ni na ɗauki kwanuka. Umma ta zo wucewa, ta ɗaga faranti ɗaya daga cikin waɗanda na kife, ta watsa masa ruwa, ta karkata shi wajen haske.

“Wannan bai fita ba. Kin ga ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo? Da sauran man ja.”

Gwajin da aka koya mini da na'ura mai kyamara ke nan, ita da ido take yin abinta tun kafin a haife ni. Nan a tsugune na faɗa mata ainihin abin da nake wuni ina yi. Ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma raina ba. Cewa ta yi, “To ai sai ki riƙa yi da kyau. Allah ya yi albarka.”

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda mu masu bincike muke rubuta wannan sashe. Layi biyu ake ba wanki a maƙala, sai wani a wata ƙasa ya yi wata uku yana fama aikin ya ƙi fitowa, yana zargin kansa. Ma'aikatan da ke wanke kwalabe da tace ruwa kuwa da wuya a ambace su ko a godiya. A nawa rubutun nakan faɗi wane ruwa, minti nawa, ɗauraya nawa, da tsawon lokacin da gilashin ya yi a iska kafin a tsoma shi. Ɗalibin da ya zo hannuna kuma, namiji ko mace, makonsa na farko a bakin famfo yake yi, ina tsaye kusa da shi da nawa gilashin.