Shekarar Haihuwa a Bakin Na'ura

Ma'aikata da yawa a ƙasar nan ba su da ranar haihuwa, shekara kawai gare su. Takardar alƙali ta ce an haifi mutum "wajen 1965", shi ke nan. Da aka shigo da kwamfuta cikin ofisoshi, na'urar ta ƙi karɓar "wajen", sai magatakarda suka riƙa cike gurbin da 1 ga Janairu. Ranar ƙage ce, watan ma ƙage ne. Shekarar ita kaɗai ce gaskiya, kuma a kanta ake lissafin ritaya da fansho.

Harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi sunansa SQL. Donald Chamberlin da Raymond Boyce ne suka tsara shi a kamfanin IBM na Amurka a 1974, aka daidaita ƙa'idarsa a 1986. Ƙa'idar 1992 ce ta kawo kalmar EXTRACT, mai zaro shekara daga cikin kwanan wata kamar yadda ake zare ƙwallo daga dabino. Oracle da PostgreSQL da MySQL duk suna jin ta. SQLite kuwa da strftime yake aiki, kuma rubutu yake mayarwa, ba lamba ba. Wanda bai lura da wannan ba, kwatancensa na shekaru zai iya fitowa a karkace.

Zarowar ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen shigarwa. Magatakardan da ya saba da rajistar takarda yakan rubuta 65 maimakon 1965, don tun yana makaranta haka aka koya masa. To, MySQL yana da hukuncinsa a kan lamba biyu: daga 70 zuwa 99 ya kai su ƙarnin da ya wuce, daga 00 zuwa 69 ya kai su bayan 2000. Wanda aka haifa a 72 ya tsira. Na 65 kuwa ya koma ɗan 2065, wato ba a ma haife shi ba tukuna.

Na'urar ba za ta yi ƙorafi ba, ba za ta nuna alamar kuskure ba. Ranar da shugaban ma'aikata ya nemi sunayen waɗanda lokacin hutunsu ya yi, za ta jero su tsaf, ban da dattijon nan mai furfura da ke zaune a benci bakin ƙofa da takardunsa cikin ambulan, yana jiran a kira shi.