Buzun Kakana

Sa'ad da kakana ya rasu aka raba gado, abin da ya faɗo a rabona buzu ne guda da tum-tum biyu, aikin dukawan Kano. Buzun na farin rago ne, gashin tsakiyarsa duk ya goge don yawan zama. A kansa tsohon yake cin tuwo, a kansa yake karɓar baƙi, in kuwa rana ta yi tsaka sai ya jawo tum-tum ya kishingiɗa. Watau shimfiɗar nan ɗaya ita ce kujerarsa da gadonsa.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da kama aikin ofis ba, na sayi kujerun kushin na cika ɗaki. Sai na ji kunyar abokan aikina su zo su tarar da fata a ƙasa. Na ɗauki buzun na ba wani almajiri, tum-tum kuma na jefa su ɗakin ajiya, gara ta gama da su.

Bayan shekaru wani aboki ya nuna mini hotunan aikin wata mace mutuniyar Ajantina, sunanta Alexandra Kehayoglou. Danginta masu masaƙar darduma ne a birnin Buenos Aires, ita kuwa ragowar ulun masaƙar take tarawa. Takan ɗaure ƙyalle a tsaye, ta riƙa cusa masa zare da wata 'yar na'urar hannu, sa'an nan ta bi da almakashi, nan ta bar gashin da tsawo, can ta rage shi, har dardumar ta fito da tudu da kwari kamar makiyaya da damina. A shekarar 2014 ta yi wata mai tsawon mita 48 domin nunin tufafin Dries Van Noten a Faris. Da aka gama tafiya a kanta, sai 'yan matan da suka nuna kayan suka zazzauna, waɗansu suka kishingiɗa, manyan baƙi suna kallo.

Da na ga haka sai jikina ya yi sanyi. Kishingiɗar nan na san ta, ta kakana ce. Abin da na raina har na kyautar, ga shi waɗansu sun ɗauke shi abin daraja. Gaskiyar masu iya magana, kowa ya bar gida gida ya bar shi.

Ranar kasuwa na tafi na sayo sabon buzu, na fitar da kujera biyu don ya sami wuri. Yana da laushi, yana da kyau, amma gashin tsakiyarsa a miƙe yake. Ƙaramin ɗana ya tambaye ni yaushe zai kwanta kamar na tsoho da nake ba su labari. Na ce masa sai mun zauna.