Jos: Kowa Da Dutsen Da Zai Iya Hawa

Mai karatu, yaushe rabonka da tafiyar awa guda a ƙafa? Mu mazauna birni daga gida sai mota, daga mota sai ofis ko shago, yara kuma sun duƙufa kan waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Idan hutun makaranta ya zo, gwada kai iyalinka Jos, inda tafiyar ƙafa kan zama yawon buɗe ido.

Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, shi ya sa iskarsa ke da sanyi, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka jiƙe da gumi ba. Abin lura ɗaya ne: a zaɓi hanya daidai ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikinku.

Idan akwai ƙananan yara ko tsofaffi, ku fara da gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972. Hanyoyinsa ba su da hawa mai wuya, ga inuwar bishiyoyi. Haka ma bakin tafkin Rayfield, wanda asalinsa ramin haƙar kuza ne. Sai dai ka riƙe hannun yaro, domin irin waɗannan ramuka suna da zurfi.

Masu matsakaicin ƙarfi su nufi Riyom, a kan hanyar Akwanga, su zagaya gindin duwatsun nan da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su. Gaba kaɗan, wajen Hawan Kibo, akwai ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse. Gangarawa wurinsa ba nisa, amma duwatsun da ruwa ya jiƙa suna da santsi.

Matasa da waɗanda suka saba motsa jiki kuwa, nasu shi ne duwatsun Shere, kimanin kilomita 10 gabas da gari. Ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, kuma akwai wuraren da sai ka haɗa da hannu kafin ka haye. A nan ne cibiyar horar da matasa kan shugabanci take. Kada ku hau ba tare da ɗan jagora da ya san hanya ba. Idan kun kai sama, za ku hangi Jos shimfiɗe a ƙasanku.

Mai hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko asma, da mai juna biyu, su ga likita tukuna. Idan haki ya hana ka magana, rage sauri. Idan ka ji jiri ko ciwon ƙirji, tsaya nan take. Saukowa ta fi hawa wahalar da gwiwa, don haka a bi a hankali. A sa kambas mai riƙe ƙasa, a ajiye silifa a masauki, a ɗauki ruwa isasshe da dabino ko gyaɗa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, domin damina na zuwa da santsi da tsawa. A Disamba da Janairu kada a manta rigar sanyi. Jihar Filato takan yi fama da rikici, saboda haka ku tambayi mutanen gari halin da hanya take ciki, ku fita da sassafe cikin ayari, ku dawo kafin la'asar.

Shirin kuwa daga gida yake farawa. Mako biyu kafin tafiyar, ka riƙa fita da iyali kuna zagaya unguwa na minti 30 kowace safiya, da takalman da za ku hau dutsen da su.