Ranar Da Na Toshe Wa Ruwa Hanya

Na san kun saba in kun ga rubutuna ku gyara zama kuna jiran labarin soyayya, to yau kam sai dai ku yi haƙuri, domin ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba. Abin da ya faru da ni ne a daminar shekarar 2022, wanda har yau in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni. Maganar lambatu ce. E, lambatun ƙofar gida, wanda kuke tsallakewa kullum ba tare da kun ko kalle shi ba.

A shekarar 2021 aka zuba wa layinmu kwalta, a wata tsohuwar unguwa cikin Kano. Wadda ba ta taɓa zama a layin da babu kwalta ba, ba za ta gane irin murnar da muka yi ba. Da rani ƙura, da damina caɓi, in kin wanke farin hijabi kafin ki kai bakin titi ya koma ruwan ƙasa. Masu aikin sai da suka yi ciko da jar ƙasa titin ya tashi sama, sannan suka gina lambatu hagu da dama, suka jera dakalin siminti a gefen titin, tsayinsa ya kai taki guda, aka shafa masa fenti baƙi da fari gwanin sha'awa. Masu motoci tun ana aikin suka yi magana aka sassauta musu dakalin a daidai get ɗinsu, aka ɗora musu faffaɗan silab a kan lambatun. Da aka zo kanmu Baba cewa ya yi, "Ni da ba ni da ko keke, me zan yi da hanyar mota?" Sai aka ɗora mana ɗan siririn silab na tsallakawar mutum ɗaya.

Ba a rufa shekara ba Allah ya hore wa Yayana mota, Golf 'yar Kwatano. Ga get, ga fili a tsakar gida, amma babu hanyar shiga, dole a bakin titi take kwana. A wata biyu aka cire mata madubi, aka ɗauke batir. Yaya ya ce in damina ta wuce zai tara kuɗi a yi aikin yadda ya kamata.

Ana haka aka sa ranar kawo lefena, cikin watan Agusta. To a nan Shaiɗan ya samu ƙofa. Wanda zan aura malamin makaranta ne, mutumin kirki, bai ɓoye mini komai ba, ya ce abin da ya iya haɗawa saiti ɗaya ne, akwati shida. Wallahi ni a raina na gode, amma akwai wata ƙawata a layin da aka kawo mata akwati goma sha biyu wata uku kafin nan, kuma kun dai san halin matan unguwa. Na kwanta na lissafa: in motoci suka tsaya a titi, sai an sauke akwatunan a bainar jama'a, a bi da su ta kan ɗan silab ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, masu leƙe ta taga da masu tsayuwa a soro suna ƙirgawa. In kuwa suka shige ciki aka turo get, sai wanda aka gayyata ne zai gani. Abin da ya hana ni barci ke nan, 'yan'uwa. Ni da nake rubuta littattafai ina yi wa jarumaina faɗa a kan ƙarya da gasa.

A satin ne Baba ya tafi ta'aziyya Gusau, zai kwana bakwai. Na sami Yaya yana wanke mota.

"Yaya, don Allah mene ne a ciki? Ɗan dakalin nan ne fa kawai za a fasa, a cike ramin."

Ya ɗago ya harare ni. "Ke wani lokacin kamar mai hankali. Ruwan kuma ta ina zai bi?"

"A sa bututu mana a ƙasa. Ai na ga inda aka yi haka. Kuɗin ma ni zan biya, an turo mini na littafina."

Ya ɗan yi shiru yana matse tsumma, can ya ce, "Ni dai babu ruwana." Amma bai hana ba, domin shi ma ransa yana son motar ta kwana a ciki. Umma kuwa na bar ta ta zaci aikin Yaya ne, ban ce mata e ba, ban ce a'a ba.

Samari huɗu na unguwa na ba aikin. Da la'asar suka zo da guduma da shebur da baro, suka farfasa dakalin, suka shimfiɗa bututun roba mai inci 4 a ƙasan lambatun, suka yi ta juye ɓaraguzan gini da jar ƙasa a kai suna daddaɓewa, kafin magariba hanya ta yi sumul. Ina tsaye a bakin get ina jin daɗi, sai na ji muryar Iya.

Iya maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, da sana'ar ƙosai take riƙe da jikokinta marayu uku. Gidanta ginin ƙasa ne, kuma tun da aka ɗaga titi ya zamana dokin ƙofarta yana ƙasa da kwalta, sai an gangara ake shiga. Ruwan layinmu kuma ta ƙofarta yake fara wucewa kafin ya iso tamu. Duk na san wannan, ba wai ban sani ba.

Ta ce, "Amarya, wannan 'yar mitsitsiyar hanya ce za ta ɗauki ruwan Agusta?"

Na yi dariya na ce, "Iya ke nan, ai na zamani ne."

Ta ce, "To, Allah ya sa," ta ci gaba da juya ƙosanta.

Ranar Asabar aka kawo lefe. Motoci biyu suka shige har tsakar gida, aka turo get, aka rangaɗa guɗa. Babu wanda ya ƙirga mini akwati a titi. Daga baya na ji ashe tun kafin 'yan kawo lefen su kai gida labarin akwati shida ya gama zaga layin, daga bakin waɗanda muka gayyata da kanmu.

Daren Talata hadari ya haɗo. Waɗanda suke Kano a lokacin za su tuna daminar 2022, a cikin watan Agustan nan ne ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, aka yi ta maganar toshewar magudanan ruwa a gidajen rediyo. To mu ma namu rabon ya same mu. Wajen ƙarfe biyun dare, cikin ƙarar ruwa a kan kwano, na ji salati da kukan yara ta bayan katanga. Gabana ya yanke ya faɗi, domin tun kafin a gaya mini na san ko mene ne. Yaya ya fita da gudu daga shi sai singileti, tocila a hannu, na bi bayansa na tsaya a soro. Abin da na gani ba zan manta ba. Ruwan ya taho cike da lambatu, ya zo ya daki cikon da na sa aka yi, ya rasa hanya, sai ya taru ya tumbatsa ya juya, yana kwarara cikin gidan Iya kamar an buɗe masa ƙofa.

Maza suka fito da shebur da diga, cikin ruwan nan suka yi ta haƙa kusan awa guda. Da suka zaro bututun, cike yake dam da ledojin fiya wata da robar lemo. Ana buɗe hanyar ruwan ya wuce da wani irin ruri, amma aikin gama ya gama. A tsakar gidan Iya ruwa har gwiwa. Gab da asuba katangar madafinta ta jiƙe ta zube, Allah ya tsare an riga an kwashe yaran zuwa ɗakin Umma. Buhun wakenta, wanda shi ne jarinta, ya kumbura ya lalace. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kayan babbar jikarta, wadda ajinmu ɗaya a Islamiyya. Shekara uku Iya tana zubin adashi tana saya mata kayan ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya waye na ga an jingina sabuwar katifar a rana, tana ɗigar da baƙin ruwan kwata, ga turamen atamfa a kan igiya. Akwatunana shida kuwa suna can ɗakin Umma a bushe, ko ɗigo bai taɓa su ba.

Ranar Baba ya dawo. Bai shiga gida ba sai da ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin, ya shiga gidan Iya ya fito. Bayan isha'i ya tara mu. Baba ba mai faɗa ba ne, kuma wallahi gara mai faɗa.

"Wa ya ba da kuɗin wannan aiki?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, laifina ne." Allah Sarki ɗan'uwa. Da na yi shiru da shi ke nan, an wuce wurin. Sai dai katifar nan ta ƙi barin idona. Na ce, "Baba ni ce," na fashe da kuka, na faɗi komai har maganar akwatuna. Umma ta riƙe haɓa tana kallona kamar yau ta fara ganina.

Baba ya ce, "Wato don kada a ƙirga miki akwati kika kusa kashe marayu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sannan ya yanke hukunci: kuɗin da ya ware na kujerun ɗakina da su za a tayar wa Iya katanga, a saya mata wake da katifa, abin da ya saura a gyara lambatu. Ni kuma da ƙafata zan je in gaya mata gaskiya.

Washegari na ɗauki turmi uku a cikin lefena na shiga. Na tarar da ita tana kwashe taɓo da tsohon kwano. Na durƙusa, bakina yana rawa na ce, "Iya, ki yafe mini, ni na sa aka toshe."

Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ba a gabana kika biya su ba?" Ta dubi atamfofin ta ture su gabana. "Mayar da kayanki, lefe ba a raba shi kafin dangin uba su gani. Ni abin da ya yi mini ciwo, na yi miki magana kika yi mini dariya."

Na rasa inda zan sa kaina. Sai da Umma ta sa baki bayan kwana biyu sannan ta karɓa wa jikarta turmi biyu, jikar kuwa ta fi wata ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba, kuma ban ga laifinta ba.

Wajen gyaran ne na san abin da na taɓa. Baba ya kira wani ƙaninsa injiniya, Kawu ya zo ya duba ya girgiza kai. Ya ce da ni, "Ke a zatonki bakin get ɗinku naku ne? Iyakarku katanga. Daga nan zuwa titi na jama'a ne." Ya ce mu gode wa Allah da ba a zo an shafa mana jan fenti ba, domin hukumar tsara birni, KNUPDA, wadda su Baba har yanzu suke kira KASEPPA, aikinta ne ta hana gini a kan hanya da magudanar ruwa. Da yake Kawu a Ingila ya yi karatu, ya ba mu labarin yadda suke yi a can. Ya ce ko gidanka ne na kanka, ba ka isa ka fasa dakalin titi don motarka ta shiga ba sai ka nemi izinin ƙaramar hukuma, a ƙarƙashin dokar hanyoyi ta 1980. Su za su zo su duba ko wurin ya yi kusa da kwana, ko akwai bututun ruwa da wayoyi a ƙasa, sannan su yi aikin ko su yarje wa ɗan kwangilar da suka amince da shi, kai kuma ka biya. Shi ya shige gaba tare da mai unguwa aka nemo izini kafin a taɓa komai.

Ni aka ɗora wa kai wa ma'aikata abinci, don haka a kan idona aka yi. Aka kwashe ɓaraguzan tas har sai da ƙasan lambatun ya fito, aka gyara bakinsa inda guduma ta ci. Kafinta ya buga katako, aka saƙa rodi mai milimita 12 kamar tabarma aka ɗaure da waya. Kwaɓin kuwa da awo ne, kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kaurin silab ɗin inci 6. Ba a zuba shi falle ɗaya ba, gunduwa-gunduwa aka yi, kowanne da ɗan hannun ƙarfe, yadda in lambatu ya cika za a ɗaga a yashe a mayar. Dakalin ma ba a shafe shi gaba ɗaya ba, an kwantar da shi ne a hankali daga gefe da gefe, aka bar ɗan tudu kaɗan a tsakiya don kada ruwan titi ya biyo mota cikin gida, gangaren kuma aka ja shi da tsawo don kada salansa ko bamba su riƙa gogar ƙasa. A ƙarƙashi ruwa yana da hanyarsa cikakkiya, faɗin lambatun duka.

Birkilan, wani dattijo, ya lulluɓe aikin da jiƙaƙƙun buhuna ya ce in riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Na ce, "Baba, ba so ake ya bushe ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Siminti ruwa yake sha ya yi ƙarfi, in ya bushe da wuri tsagewa yake." Ya kuma ce mutum zai iya takawa bayan 'yan kwanaki, amma mota kada ta hau sai ya cika kwana 28.

Muka lissafa, ranar kai amarya ta faɗo a kwana na 19. Yaya ya so ya roƙa, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce ko awa ɗaya ba za a rage ba.

Haka kuwa aka yi. Daren da za a kai ni motoci suka jeru a bakin titi, duk layin an fito ana kallo. Aka fito da ni a lulluɓe ina kuka, ba na ganin gabana. Da muka zo bakin get na ji wani hannu mai kaushi, mai ƙanshin man ƙosai, ya kama nawa.

"Taka a hankali, amarya," in ji Iya, "akwai ɗan tudu a nan."