Ɗigon da Ban Ƙirga Ba

A shekarata ta ƙarshe a sashen lissafi na jami'ar Wudil, na zaɓi adashin mahaifiyata a Dagumawa ya zama abin nazarina. Mata goma sha biyu ne, suna zubi kowace Juma'a, ranar da kasuwar Wudil ke ci. Na ba kowace mace ɗigo ɗaya a takarda, na ja layi tsakanin duk biyun da ke ziyartar juna ko rance a tsakaninsu. Mutum 12 na iya ƙulla alaƙa har 66, amma abin da na samu bai kai rabin haka ba.

Nufina in auna abin da Linton Freeman ya fayyace a 1977, wato sau nawa gajeriyar hanya tsakanin mutum biyu take ratsawa ta kan wani. Na sakankance uwar adashi ce za ta yi zarra. Sai ga zanen ya tsage gida biyu, bakwai a gabashin gari, biyar a yamma, babu layi ko ɗaya da ya haɗa su. A takarda ƙungiyoyi biyu ne da ba su san juna ba, alhali shekara shida ba a taɓa fashin zubi ba.

Na kai wa Inna takardar. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To ina ka sa Auta?"

Ban sa ta ba, domin ba ta zubi. Yarinya ce 'yar shekara goma sha uku. Amma matan suna kulle, ita ke shiga kowane gida da farantin ƙuli-ƙuli, ta karɓo kuɗi, ta kai gaisuwa, wani lokaci ta rage wa saƙo zafi kafin ta isar da shi. Da na ƙara ɗigonta, zanen ya haɗe. Duk hanyoyi 35 da ke tsakanin gabas da yamma ta kanta suke bi.

Ni kuwa a lokacin ina ta matsa wa Baba a kai ta makarantar kwana. Kuma da kwasar adashin nan aka biya kuɗin rajistata sau uku.

Na ci jarrabawar. Auta ta tafi makaranta bayan damina. Farantin na nan rataye a ɗakin Inna, ni kuma duk Juma'a nakan tsaya a zaure ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama, in jira a aiko yaro da kuɗi.